Ɓarayin Suna a Shafin Manazarta

A 1949 aka buga ƙamus ɗin Hausa da Ingilishi wanda kowane ɗalibin harshe ya sani da ƙamus ɗin Abraham. Sunaye biyu ne a kan bugun farkon nan: R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Da aka sake buga shi a Landan a 1962, sai suna ɗaya ya rage. Kalmomin suna nan, misalan suna nan, karin maganar da suka cika littafin suna nan daram. Mutumin kaɗai aka cire. Tun daga lokacin, kundi bayan kundi, malamanmu da ɗalibanmu, Hausawa 'ya'yan Hausawa, suna rubuta "Abraham, 1962" a shafin manazarta, gabansu ko faɗuwa ba ya yi.

Ba a kan Mai Kano aka fara ba. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth har Turai a 1855, shi ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885, littafin ya zama na Schön. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin a matsayin tarihin rayuwar mai shi. Litattafan tatsuniyoyi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami. Malam Shaihu ne ya rubuta wa Rattray abin da ya buga a 1913 daga ƙasar da yau ake kira Gana, kuma a can ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya rubuta wa Bajamushe Mischlich tarihin ƙasashen Hausa. Baba ta Karo ta yi makonni tana zayyana wa Mary Smith rayuwarta a ƙasar Zazzau, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950. Mary Smith ta yi adalcin sa sunan tsohuwar a taken littafin. Amma je ka duba yadda ake kafa hujja da shi: "Smith, 1954". Tsohuwar da ta ga harin bayi da idonta, ta ga zuwan Turawa, ta san aure da goyo da bori ciki da bai, ta zama kayan aiki, wadda ta riƙe alƙalami ta zama mai ilimin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba Turawan nan na zo tuhuma ba. Sun yi zamaninsu, wasu da kyakkyawar niyya, kuma ba don su ba da wasu abubuwan sun salwanta. Mu nake tuhuma, 'yan bokon da muka gaji wannan ɗabi'a muka ƙara mata gishiri, sannan muka hau kujerar alƙali muna yanke wa wasu hukuncin satar fasaha.

A ɗauki marigayi Abubakar Imam. Babu mai hankalin da zai raina shi, ni kuwa ina cikin waɗanda Magana Jari Ce ta koya wa daɗin Hausa. Amma a faɗi gaskiyar yadda aka yi aikin. Bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, East ya ɗauko Imam daga Katsina a 1936, ya tara masa littattafan labarun Turai da na Larabawa, ya ce ya yi aiki da su. Cikin wata shida ya rubuta littattafai uku. Akun nan mai ba da labari don ya hana ɗan sarki fita yana da kaka a adabin Indiya da Farisa. Akwai labaran da tushensu Alfu Laila ne, akwai na 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, akwai na Boccaccio na Italiya. Imam da kansa bai ɓoye ba. A tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, ya bayyana cewa taurarin Ruwan Bagaja biyu daga Maƙamatul Hariri ya samo fasalinsu. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun labaran nan ya nuna mafarinsu, aiki mai wahala da ya cancanci yabo.

To, wannan ya rage wa Imam daraja? Ko kaɗan. Ya ɗauko labari daga wata duniya ya sa masa rawani, ya ba shi waziri da sarkin zagi da bakin Bahaushe, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Wannan gwaninta ce, kuma haka adabin duniya yake tafiya. Shakespeare ma daga littattafan tarihi da labaran Italiya ya kwaso yawancin wasanninsa, shi kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya juyo ɗaya daga ciki zuwa Daren Sha Biyu. Jami'o'inmu sun yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari idan ana maganar Imam. An rubuta kundaye a kan hikimarsa ta baddalawa, an ba da digirori.

Sai ga matasan Kano daga ƙarshen shekarun 1980, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga ƙagaggun labarai. Suka tara kuɗinsu, suka kai maɗaba'ar unguwa, suka buga, suka kai kasuwa da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, da wasu masu yawa, galibinsu mata. Matan aure da 'yan mata da suka bar makaranta suka koma karatu saboda littattafan nan. Me aka saka musu da shi? Aka yi musu kuɗin goro: kwaikwayon Indiya ne, ba adabi ba ne, ba zai yi ƙarko ba. Shekarun 1990 sun ƙare ana tafka muhawara a shafukan Nasiha da New Nigerian, irin su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna kare su, wasu suna jiran ranar jana'izarsu. A 2007 abin ya kai ga gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara irin waɗannan littattafai ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Wutar nan ba daga sama ta faɗo ba. Shekaru aka yi masu ilimi suna gaya wa jama'a cewa abin da ke cikin littattafan baƙo ne kuma sata ne.

Ina son wani ya gaya mini bambancin. Imam ya karanta Alfu Laila ya rubuta labarin Hausa. Yarinya a Fagge ta taso tana kallon finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suke nunawa tun kafin a haife ta, ta rubuta labarin auren dole da kishiya da sakin wulaƙanci, abubuwan da take gani a gidansu da maƙwabta. Shi an ce gwani ne, ita an ce ɓarauniya. Bambancin da nake gani shi ne, shi Bature ne ya miƙa masa littattafan a ofishin gwamnati, ita kuwa ba ta da kowa. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, wani kamfani ne a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012, da sunanta ɓaro-ɓaro a bango. Indiyawan da aka ce su ake kwaikwayo sun karanta sun ga labarin Kano ne, sun ga ya isa a kai wa duniya. Mu nan muna ta wasi-wasin ko ya cancanci shiga manhaja.

Kada 'yan fim su ɗauka na zo wanke su. Furodusan da ya kwafe fim ɗin Indiya fitowa bayan fitowa, har da karin waƙar, sannan ya rubuta sunansa a wurin mai labari, ya yi ƙarya, kuma Abdalla Uba Adamu ya jera irin waɗannan finafinai da asalinsu a rubuce-rubucensa. Laifinsa ba aron ba ne. Laifinsa ƙin faɗin inda ya aro. Haka masu tashoshin YouTube da ke karanta littafin marubuciya daga farko har ƙarshe, su karɓi kuɗin talla, ba izini, wani lokaci ko sunanta ba su ambata. Haka masu kwafe labari daga WhatsApp su sauya sunayen taurari su sayar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tabbatar wa marubuci haƙƙin a ambaci sunansa a jikin aikinsa ko da ya sayar da haƙƙin bugawa. Waɗannan duk masu laifi ne. Sai dai su ba su taɓa ce mana su ne masu gadin amanar ilimi ba.

Abin takaicin shi ne muna da tsarinmu na riƙe suna tun kafin boko ya zo, tsari mai tsauri kuwa. Almajirin zaure ba ya cewa ya san littafi sai ya faɗi wurin wanda ya karanta shi, shi ma wurin wa, har salsalar ta kai ga mawallafi. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Shehu Usmanu ya rubuta isnadinsa, kuma duk wanda ya buɗe littattafansa zai ga yadda yake cewa wane ya ce a littafi kaza, ya kawo maganar, ya nuna inda ta ƙare kafin ya sa tasa. Sake rubuta aikin wani kuwa, ai fanni ne mai suna da ƙa'ida. Tahamisi ke nan: ka ɗauki baitin wani ka ƙara masa ɗango uku a gaba ya zama biyar, naka a fili, nasa a fili. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatai da zaurukanmu ta Alfazazi ce, tahamisin Ibnu Mahib, an fi shekara ɗari bakwai ba a raba sunayen nan da ita ba. Tabbat Haƙiƙa Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, harshe biyu, kuma ba a binne ko ɗaya ba. Mutanen da ba su da na'urar gano satar rubutu, ba su da kwamitin ladabtarwa, sun riƙe wannan amana don sun ɗauki jingina magana ga mai ita wani yanki na addini da mutunci.

Mu fa? A shiga ɗakin karatun kowane sashen Hausa a ɗauko kundayen digiri. Za a ga ɗalibi ya yi wata da watanni yana zarya gidan wani tsohon maroƙi, ko wata ungozoma, ko sarkin makaɗa, ko ɗan amshin da ya bi Shata shekara da shekaru. Duk wani abu sabo da ke cikin kundin daga bakin mutanen nan ya fito. Amma a cikin aikin sai ka ga an ce "wani dattijo ya bayyana", ko "bincike ya nuna". In an yi musu karamci, a jera su a can ƙarshe a ƙarƙashin waɗanda aka yi hira da su, bayan an gama jera Turawan da ɗalibin bai taɓa riƙe littafinsu ba, sunayensu kawai ya kwafo daga kundin wanda ya riga shi. Shekara biyu bayan haka sai babi na huɗu ya fito a mujalla, sunan mai duba aikin a gaba, na ɗalibin a baya, wani lokaci ma babu shi. Dattijon ya ɓace, ɗalibin ya ɓace, Farfesa ya ƙara maki ɗaya a takardar neman ƙarin girma. Kowa a harabar jami'a ya san ana yin haka. Ana faɗa a ofis da murya ƙasa-ƙasa, ba a faɗa a taron sashe, domin wanda zai faɗa yana jiran sa hannun wanda zai faɗa a kansa.

Akwai kuma wata satar da ta fi wannan wayo. Kundin da aka rubuta da Hausa a shekarun 1980 yana kan kanta ya sha ƙura, ba a taɓa ɗora shi a intanet ba. Sai wani ya ɗauko shi ya juya shi zuwa Ingilishi, ya aika mujallar waje. Manhajar Turnitin da jami'o'i ke taƙama da ita tana gwada rubutu ne da abin da ke cikin rumbunta. Abin da bai shiga rumbun ba, kuma aka sauya masa harshe, zai wuce ta salin-alin. Mai aikin na asali wataƙila malamin sakandare ne da ya yi ritaya a Gusau ko Azare, ba zai taɓa ji ba.

A nan ne maganar ƙidayar madogara ta shigo, wadda ta zama ma'aunin daraja a jami'o'in duniya, mu ma muka rungume ta ido rufe. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙidayar nan a 1964 don masana kimiyya su riƙa gano wa ya dogara da aikin wa. Yau Web of Science, da kuma Scopus na kamfanin Elsevier, su ne manyan rumbuna, sai Google Scholar da ya zo a 2004. Yadda abin yake aiki ba wuya: na'ura tana ƙirga sau nawa aka ambaci muƙalarka, amma a cikin abin da take iya gani kawai. Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, Ɗunɗaye ta Sakkwato, Harshe ta Zariya, a nan ne aka zuba mafi yawan ilimin da Hausawa suka samar a kan harshensu da adabinsu, da yawansa kuma a takarda yake, kwafi kaɗan, a kabad ɗin sashe. Malamin da ɗalibai suka shekara talatin suna dogaro da littafinsa zai iya bayyana a ma'aunin nan kamar bai taɓa rubuta komai ba. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, da wuya ka sami kundin adabin Hausa da bai jingina da shi ba, amma kundayen nan na'urar ba ta ganin yawancinsu.

Sakamakon a bayyane yake. Matashin malami ya gane cewa in yana son ya hau, ya rubuta da Ingilishi, ya ambaci sunayen da editan waje ya sani. Sai ya rubuta muƙala a kan finafinan Kano ya kafa hujja da Brian Larkin sau goma, ya tsallake mujallar Fim da Tauraruwa, inda 'yan jarida suka rubuta tarihin masana'antar tun tana jaririya, inda ma sunan Kannywood ya fara fitowa. Ba Larkin nake zargi ba. Ya zauna a Kano, ya yi aiki na ƙwarai, muƙalarsa ta 1997 da littafinsa na 2008 sun cancanci karatu. Graham Furniss kuwa, da ya tattara jerin littattafan Kano na 1987 zuwa 2002, sunan Malami Buba na nan tare da nasa a bango. Sau da yawa baƙin nan sun fi mu ambaton mutanenmu. Mu ne muke ganin ambaton ɗan'uwa zubar da aji ne, ko kuwa hassada ta hana mu ƙara masa ƙidaya ɗaya.

Ga kuma babin ra'i, wanda ya zama dole a kowane kundi. Ɗaliba za ta rubuta a kan littattafan marubuciyar da ke zaune a unguwar da ba ta fi tafiyar keken A Daidaita Sahu ɗaya daga jami'a ba, sai a sa ta buɗe da Roland Barthes da maganarsa ta 1967 cewa mawallafi ya mutu, a bi da Foucault na 1969, a rufe da Kristeva da cuɗanyar matani. A karanta su, ba na hana kowa. Amma a san inda suka tsaya suka yi magana. Barthes yana Faransa ne, ƙasar da ta kafa dokar haƙƙin marubuci tun shekarun 1790, inda ake sa wa tituna sunayen marubuta, inda sharhi ya koma tonon rayuwar mawallafi har aka manta da matanin. Wannan wuce gona da irin yake yaƙa. Mu a nan marubuciyar ba ta sami ko kuɗin littafinta daga hannun ɗan kasuwa ba, ba a ajiye bugunta na farko a ɗakin karatu ba, ba a san shekarar da ya fito ba, sai mu shigo da fatawar cewa ba ta da muhimmanci. Wanda ba a taɓa ba shi kujerarsa ba, ta yaya za a ce ya sauka daga kanta? Ɗalibar za ta gama digiri ba ta taɓa sallama a ƙofar matar ba, ba ta tambaye ta me ta karanta, me ta kalla, daga ina labarin ya zo mata ba. Amsar tambayar da aka shekara talatin ana gardama a kai, wato me aka aro kuma me aka ƙirƙira, tana bakin mutanen da ke raye, muna barin su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran ba ya bukatar jiran Abuja. Kuɗin da TETFund ke bayarwa na bincike da buga mujallu ya isa a ɗauki hoton tsofaffin kundaye da mujallun sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, har da na Yamai, a ɗora su inda kowa zai gani, ɓarawo ya rasa duhun da yake fakewa. Editocin mujallu su daina karɓar muƙalar da ta ce "wani dattijo", sai dai in dattijon ne da bakinsa ya nemi a sakaya shi. In ba haka ba, a rubuta sunansa da garinsu da ranar hirar, a cikin manazarta, a layi ɗaya da Furniss da Larkin. Malamin da bai rubuta ko sakin layi ɗaya ba ya cire sunansa daga aikin ɗalibinsa, godiyar da ke shafin farko ta ishe shi. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a kuwa, in kundi ya zo gabansa a kan marubucin da ke raye ba a yi hira da shi ba, ko ya ga babi guda da aka gina a kan bakin mutanen da ba a ambata ba, ya ajiye biro, ya mayar da kundin, kada ya sa hannu sai an dawo da sunayen.